Kwalayen Ganyen Kawu

Kwana uku da rasuwar Kawu, ɗansa ya kira ni ɓarawo a gaban mutane. A falonsu na Bron, a gefen Lyon, aka yi. An shafa addu'a ke nan ana raba dabino, ya tsaya bakin ƙofa ya nuna ni da yatsa ya ce “voleur”. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ɗauka zuciyata fara ce tas. Ba fara ba ce. Shekarata hamsin da ɗoriya, na tsufa ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Paris da Lyon da kayan mutane a bayana, ko allura ba a taɓa nema a hannuna ba.

Taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, ciki ɗaya. A Damagaram taubashi yana da ikon ya ce maka ɓarawo, ya ce maka jaki, ya ɗauke naman da ke kwanonka, kai kuma ka yi dariya ka rama. Da da Hausa ya faɗa yana murmushi, da na ce masa ai a gidansu na koya, an wuce wurin. Amma da Faransanci ya faɗa, fuska a ɗaure, yadda ake faɗa wa wanda aka kama a kanti.

Abin da na ɗauka kuwa kwali goma sha ɗaya ne na busasshen ganye. Zan zo kansu. Bari in fara da mai su, don shi ne ba na so a manta. Allah ya jiƙansa, ya sa inuwar da ya yi ta aunawa a duniya ya tarar da wadda ta fi ta a can.

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka yi dariya kamar na Kawu ba. Ɗaliban Nijar na Villeurbanne sun cika falo har matakala, kowa da labarinsa. Wani ya ce ranar da ya sauka Lyon da akwati ɗaya, Kawu ya tarbe shi a tasha, amma maimakon ya kai shi masauki sai ya tsayar da shi bakin titi rabin awa yana nuna masa itatuwa, wai ya fara gaisawa da masu gari. Wata likita ƴar Jos, Kirista, da ke ce masa Baba, ta ce ta taɓa kai masa furanni a asibiti. Ya karɓa ya gode, ya tsinke ɗaya ya farke shi da farce ya leƙa ciki, ya ce mata mai kantin ya yi mata ƙarya a kan sunan. Tana faɗi tana dariya tana share hawaye da bayan hannu. Tsohon Baturen da suka yi aiki tare, wanda muke kira Farfesa, ya zauna a ƙasa kamar kowa duk da ciwon gwiwa, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, “Hancinsa, hancinsa.” Hajiya, matar Kawu, ta ji daga ɗaki ta ce, “Ku ce masa ni ma na san hancin. Shekara arba'in ina aure da mutum ɗaya da daji guda.”

Kawu bai yi lakwal mai zurfi ba. Ni ma a aji shida na tsaya, shi ya sa muka fahimci juna. Ɗan gandun daji ne a gida, mai raka Turawa masu binciken itace. Farfesa ya lura yana kankare ɓawon itace da farce ya sansana ya faɗi danginsa tun kafin su buɗe littafi, sai ya yi masa hanya ya zo Lyon, ya zama mai kula da ɗakin da jami'a ke ajiye busassun tsirrai. Aikin ke nan: a ɗebo reshe da ganyensa da furensa, a shimfiɗa cikin jarida, a matse tsakanin katako biyu da maɗauri, a yi ta sauya jaridar har ya bushe, sannan a manna a farar takarda a rubuta sunansa da inda aka samo shi. Daga baya Farfesa ya koma binciken dajin Mayotte, wani tsibiri can cikin teku kusa da Madagaska, Kawu ya riƙa bin sa kusan kowace shekara.

Nan na shigo. Aikin yana cin jarida kamar akuya. Kuma ba kowace jarida ba. Ƴan ƙananan da ake rabawa kyauta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sun yi masa gajarta, masu ƙyalli kuma ba sa shan ruwa. Manya yake so, masu kaushi. Sai na zama mai bin masu gadin benaye a Stains, unguwarmu da ke gefen Paris, da kantunan kofi ina roƙon jaridar jiya. Mutane suka ɗauka ni babban mai karatu ne. In ɗaure su dami dami, in jefa bayan kujerar kamiyo, in na sauke kaya a Lyon in biya Bron in hau da su. Shekara goma sha biyu ina wannan. Ba ya cewa na gode. Sai ya ɗaga dami ya sansana ya ce, “Ɗan ƙanwata, wannan a kusa da mai soya kifi ta kwana.”

Daga kowane itace reshe uku ake ɗauka na hukuma, masu kyau, masu fure. Kawu sai ya ƙara na huɗu, wanda ya karye ko tsutsa ta ci gefensa, ya ce wannan nasa ne. A gefen jaridar da ya naɗe shi yake rubuta abin da ya gani da ajami: wane itace ke tsaye kusa da shi, me ke cin ƴaƴansa, me mutanen ƙauyen ke yi da shi, da sunan da shi ya raɗa masa. Su ne suka taru suka zama kwalayen nan.

Ƙwari na cin busasshen ganye, maganinsu kuma sanyi ne. Saboda haka Kawu yakan sa dami a leda ya kwantar da shi a babban firigon ƙanƙara na Hajiya har mako guda. Wata babbar Salla na iso da cinyar rago, na tarar da su tsaye a kicin, firigo a buɗe.

“Malam, ina zan sa naman Layya?”

“Hajiya, saura kwana biyu su fito.”

“Kwana biyu! Naman zai zauna ya jira ganye?”

“Ki soya. Ai can gida ma soyawa ake yi.”

Ta juyo ta dube ni ta ce, “Ka gani ko? Kai ke kawo masa jarida, kai ke ƙara masa ƙarfi.” Ranar ta soya rago guda cur tana mita, shi kuwa yana gefe yana tsintar tukunya yana cewa bai taɓa cin suya mai daɗin wannan ba, ganyen ne suka yi mana rana.

Sau ɗaya na bi shi tsibirin. Mai hawa musu itace ya yi ciwo, Kawu ya tuna ina hawa giginya tun ina gida, ya ce wa Farfesa yana da mutum. Bai faɗa masa na haura arba'in da tumbi ba. Na ɗauki hutuna na mako uku na tafi.

Ranar farko suka kai ni kudancin tsibirin, inda daji yake a bushe. Na sauka daga mota na ga kuka. Kuka sosai, irin ta bayan gidanmu, ga teku yana wanke mata ƙafa. Gaba kaɗan ga tsamiya. Na ce, “Kawu, jirgin nan ba Damagaram ya dawo da mu ba?” Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ja ni wurin wani ɗan itace mai ɓawo kamar takarda, ya kankare ya kai mini hanci. Ƙamshin dashi ne, wanda ake shingen gona da shi. “Ƙanen dashi ke nan,” in ji shi. “Ba shi ba ne, amma gidansu ɗaya.”

Haka yake wa kowane itace. Ba ya riƙe sunayen Latin da daɗi, sai ya ba su zumunta. Wannan kawun kanya ne, waccan ƴar'uwar cediya, wancan jikan ɓaure da aka haifa a waje. In ya rasa dangin itace sai ya rubuta “baƙo, a tambaya”. Farfesa ya ce mini in sun koma Lyon sun duba da madubin ƙara girma, yawanci inda Kawu ya kai itace can littafi ke kai shi.

Aikin dajin kuwa ba wasa ba ne. A ja igiya a yi fili mai kusurwa huɗu, duk itacen da ke ciki da ya kai wani kauri a auna shi daidai ƙirji, a buga masa ƴar lamba ta ƙarfe, a ɗebo reshensa. In reshen yana sama, ni ne. A ƙasa kusa da teku ganye ƙanana ne, ga ƙaya, rana na shiga ko'ina. Da mun fara hawan dutse sai komai ya sauya. A can ƙololuwa hazo ne da damshi, itatuwa dogaye, igiyoyi na lilo daga sama, gansakuka a kowane reshe, wasu tsirrai ma ba sa taɓa ƙasa, a jikin wasu suke zaune. A fili ɗaya da bai fi tsakar gida biyu ba, sai mu yini muna buga lamba, da wuya ka ga itace uku a jere iri ɗaya. Ni da na tashi inda za ka yi tafiyar awa ba ka ga komai ba sai gawo da aduwa, kaina ya yi ta juyawa.

Wata rana muka bi gefen wani tudu kore shar, na ce ga daji mai kyau. Kawu ya tsuke baki. Ya ce in shiga in ƙirga. Na shiga: mangwaro, kirfa, kirfa, kirfa, mangwaro. Ya ce an sare na asali tun da daɗewa, waɗannan kawo su aka yi, suka cinye wurin.

Na ce, “To Kawu, mu ma ai kawo mu aka yi Faransa.”

Ya ce, “Kai ɗan wa ka hana tsira? Dubi ƙarƙashin wannan. Ka ga ɗan kowa ban da nasa?”

Na duba. Babu.

Faɗanmu ɗaya a duniya a can muka yi shi. Ana gangarowa santsi ya yi yawa, na zaro adda na sare wani ɗan itace miƙaƙƙe na yi sanda. Ashe cikin igiya yake, kuma irinsa biyu kaɗai suka gani a duk dutsen. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dubi kututturen, ya dube ni, ya ce, “Uwarka ta haifi mai ƙarfi.” Ya wuce. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ko a kan shinkafa. Ni ma na kumbura, na ce a raina na bar hutuna na zo ina hawa itace kamar biri, a kan sanda za a yi mini fushi.

Rana ta uku ya turo mini katakon matsi da ƙafa, da ganyen sandar tawa da ya koma ya tsinto. Ya ce, “Tunda kai ka kashe, kai za ka yi masa sutura.” Ya koya mini yadda ake juya ganye ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, yadda ake sauya jarida ba a yaga ba. Da muka gama ya miƙo mini biro ya nuna layin da ake rubuta wanda ya ɗebo. Na ce rubutuna ba kyau. Ya ce, “Itacen ma ba ka sare shi da kyau ba. Rubuta.” Na rubuta. Yau a wani ɗaki na jami'a akwai farar takarda da sunan direban kamiyo a ƙasanta, harafi na hawa kan harafi. Ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan, kafin nan ko bayan nan.

Ɗansa kuwa injiniya ne a Paris, mai kwat da wuyan riga. Jirgin ƙasa awa biyu ne zuwa Lyon, amma sai ya yi wata huɗu bai leƙo ba. Ni da bakina ba ya shiru nakan ce, “Kawu, taubashin nan nawa ya manta hanyar Bron.” Sai ya ce, “Ka tuna maki?” Wasu ƴan dabbobi ne kamar birai masu dogon baki, suna cin ƴaƴan itace su je can nesa su zubar da ƙwallon. Ya nuna mini a daji cewa ƴaƴan da suka faɗo gindin uwa yawanci ba sa kai labari, wanda aka kai nesa shi ke tashi. “Ni na kai shi nesa da hannuna,” in ji shi. “Ka bar mini yaro.” Na bar shi. Har ya mutu ban ƙara ba.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, ya rame, hancin ne kawai bai ragu ba. Na kawo jarida don sabo, ko da yake ya daina zuwa daji tun da ya yi ritaya. Ya sansana ya ce wannan karon na kyauta, ba kifi. Ya tambaye ni ko an sa kwalaye a sanyi bana. Na ce zan duba. Bayan mako biyu Hajiya ta kira ni ina kan hanya.

Rana ta biyu ta makoki ina cin tuwo a kicin, Hajiya tana wanke kofuna ta ba ni baya, ta ce, kamar da bango take, “Injiniya ya kira masu kwashe tarkace. Alhamis za su zo su share kaf.” Kaf shi ne ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, can kwalayen suke. Na ce ya san abin da ke ciki? Ta ce ya ce masu kyau suna jami'a, waɗannan shara ce mai tara ƙwari. Ta ci gaba da wanke kofunanta. Da na ɗaga kwanona na ga mabuɗi a gefensa. Wanda ya ajiye shi can ban gani ba, kuma ba zan tambaya ba.

Washegari da safe na ja kamiyo bakin ƙofa na loda su, sha ɗaya cif, na rufe. Da rana aka yi addu'ar uku. Bayan an shafa, Farfesa ya ce wa taubashina, a gaban kowa, rubutun da mahaifinsa ya yi a gefen jaridun nan babu shi a ko'ina, har mutanen tsibirin za su so su gani, ko zai nuna masa? Taubashina ya gyara kwat ya ce ƙwarai, ai dukiyar iyali ce. Suka sauka tare. Suka tarar da kaf wayam. Ya hauro ido jajur, wani ya ce masa an ga kamiyona da safe. Sauran na faɗa muku. Bai ce wa kowa ya kira masu shara ba. Ni ma ban ce ba, don in na fara sai an tambayi mabuɗi, kuma ba zan haɗa uwa da ɗa faɗa kwana uku da binne miji ba. Na sa takalmina na fita. Daga Lyon har Paris ban kunna rediyo ba.

Maganar ta riga ni isa Stains. A masallaci wani ya tambaye ni wai gaskiya ne gwal ne a cikin kwalayen. Na ce ya zo ya gani. Ya zo, ya hau hawa biyar, ya ga ganye, ya sauka yana tsaki. Kwalayen suna ɗakin baƙi, suna shiga firigo biyu biyu, mako mako. Matata ta fara cewa, “Ina zan sa kaji?” Na ce ta soya. Ta ce wallahi abin a jininku yake. Farfesa ma ya zo da sandarsa, ya yini ina karanta masa ajami yana rubutawa. Wurin da Kawu ya sa “baƙo, a tambaya”, sai ya cire tabarau ya ce in sake karantawa.

Ranar arba'in na koma Bron. Kusan mutanen nan ne dai, falon nan ne dai. Na jira aka shafa, aka fara raba dabino. Taubashina yana bakin ƙofa yana sallamar mutane, ya ga ni ya kau da kai. Na je na tsaya gabansa, na yi magana da Hausa, da ƙarfi yadda na matakala za su ji.

Na ce, “Taubashi, a nan ka ce mini ɓarawo, a nan zan ba ka amsa. Ganyen na ubanka ne, ban ce nawa ba ne. Suna Stains, hawa na biyar, lif ya lalace. Ranar da kake so ka zo da ƙafarka, ka cire kwat, in koya maka yadda ake sauya musu takarda kamar yadda ya koya mini, ka sauko da su a kafaɗarka. Ba zan ba masu mota ba, ba zan ba masu zuwa ranar Alhamis ba. Ka san waɗanda nake nufi. Amma sata, ban yi ba. Jaridun da ke naɗe da su, shekara goma sha biyu ina roƙo ƙofa ƙofa ina hawa da su benen nan a wuyana, ba ka taɓa riƙe mini ƙofa ba. Jariduna na zo na ɗauka. Ganyen ne suka biyo ni.”